Yatsu Uku na Kawu: Tarihin Diyyar Ɗan Ƙwadago a Ƙasar Rima

Gabatarwa

A garinmu Rimawa, cikin ƙasar Goronyo, ina da kawu wanda yara kan kalli hannunsa na dama kafin su kalli fuskarsa. Yatsu biyu suka rage masa, babban yatsa da manuniya. Sauran ukun injin kwaɓa siminti ya tafi da su a ranin 1988, sa'ad da yake lebura a wurin wani ɗan kwangila mai gina kwalbati a kan hanya. Heluma ya naɗe masa hannun da rawani, aka ɗora shi a motar yashi zuwa asibiti. Bayan mako biyu mai aikin ya aiko masa da buhun shinkafa da kuɗin magani, tare da saƙon Allah ya kiyaye gaba. Kawu ya karɓa ya yi godiya, dattawa kuma suka ce mutumin ya kyauta. Ba a sake ɗaukarsa aiki ba, domin mai yatsu biyu ba ya riƙe shebur. Noma ma sai da ya koma koyon riƙon hauya da hagu, yana magidanci mai 'ya'ya huɗu.

Abin da kawu bai sani ba, kuma babu wanda ya sani a cikin masu zuwa yi masa sannu, shi ne shekara guda kafin wannan rana gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa dokar da ta wajabta wa mai aikin biyansa diyya. Dokar ta ba shi wata shida ya nemi haƙƙinsa. Wata shidan suka wuce yana jinya. Da na girma na karanta dokar na gaya masa, sai ya daɗe yana duban hannun, sannan ya ce: “To, ɗana, wa ag gaya mini?”

Wannan tambaya ta kawu ita ce ginshiƙin wannan maƙala. Za ta bi sawun yadda al'ummar kwarin Rima, wato ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, suka riƙa ɗaukar raunin da mutum ya samu a bakin aikin wani, tun daga zamanin Daular Usmaniyya har zuwa yau. Za ta kuma duba wanda ke tsayawa tsakanin mai rauni da haƙƙinsa, domin tarihi ya nuna ba a cika rasa doka ba, ɗan jagora zuwa ƙofarta ake rasawa.

Gandu, Gayya da Zauren Alƙali

Wurno ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a gefen gulbin Rima, kuma a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Bello mutum ne da ya san darajar sana'a. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya hori shugaba da ya raya masu sana'o'i irin su manoma da maƙera da marina da maɗinka da masassaƙa, ya zaunar da su a garuruwa. Ribaɗi kuwa ba ya tsayuwa sai da ganuwa da rijiyoyi da rumbuna da gonaki, kuma duk hannun mutane ke yin su. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya sauka Wurno a 1853, a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, gari ne mai ganuwa inda Sarkin Musulmi kansa ke zaune.

Yawancin aikin wancan zamani ba na lada ba ne. Ɗa yana aiki a gandun ubansa, maƙwabta suna haɗuwa a yi gayya, yaron magini yana bin maigidansa har ya ƙware. Idan katanga ta faɗo wa mutum, ko gatari ya sare shi, maɗori ne zai ɗora shi, gandu ya ci gaba da ciyar da iyalinsa, 'yan gayya su nome masa gona. Babu takarda, babu ƙara, amma akwai rumbun da ya san da shi. Sai dai gaskiyar tarihi ta tilasta a faɗi cewa wani babban kaso na aikin gonakin manya bayi ne ke yin sa. A hukuncin fiƙihu, idan aka ji wa bawa rauni ana duba abin da ya ragu a kan farashinsa ne, a biya ubangijinsa. Mai jinin bai da rabo a cikin kuɗin jininsa.

Ga ɗa kuwa, shari'a ta yi wa kowace gaɓa kima. Alƙalan daula da ke hukunci da Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Halil sun san cewa cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Hannu ɗaya rabin diyya ne, haka ido ɗaya. Kowane yatsa raƙuma 10, kowane haƙori raƙuma 5. Da a ce wani ne ya sare wa kawu yatsunsa uku bisa kuskure, da raƙuma 30 suka hau kansa. Mazhabar Malikiyya ta ƙara da wani tsari mai hikima: idan abin da za a biya ya kai sulusin cikakkiyar diyya, ba mai kuskuren kaɗai zai ɗauka ba, aƙilarsa ce za ta raba nauyin, wato danginsa na wajen uba, ko mutanen da suke cikin diwani ɗaya da shi, kamar yadda aka tsara tun zamanin Halifa Umar. Abin da bai kai sulusi ba, irin yatsu ukun nan, daga dukiyar mai kuskuren za a fitar.

To amma duk wannan gini a kan mai laifi ya tsayu. Sai an sami hannun da ya yi sara, ko sakacin da ya jawo ɓarna. Akwai hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito shi, wanda ya nuna cewa abin da rijiya ko ramin ma'adini ya halaka ba shi da diyya. Malamai sun fitar daga gare shi cewa idan mutum ya ɗauki wani haƙar rijiya, ta rufta da shi ba tare da gangancin mai rijiyar ba, babu lamuni a kansa. A ɗaya gefen, malaman Malikiyya sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka ba shi: idan marini ya ɓata zane, ko maɗinki ya salwantar da yadi, zai biya. Wannan hukunci ya dace da duniyar da mai haƙar rijiya ya fi mai rijiyar sanin haɗarinta, kayan aikin nasa ne, shi ke zaɓen inda zai sa ƙafa, kuma yana da gandun da zai koma. Duniyar da ke tafe ta sauya waɗannan sharuɗɗa duka.

Wani abu guda da ya kamata a riƙe daga wannan zamani shi ne kusanci. Zauren alƙali yana cikin gari, da Hausa ake magana, mai ƙara shi ke faɗin bakinsa, in ya ga dama ya sa wakili. Muhuti yana gefe, kuma malamin unguwa na iya gaya wa mutum hukuncin mas'alarsa kafin ya je. Talaka bai buƙatar tafinta tsakaninsa da haƙƙinsa.

Zamanin En'e: Aikin Tilas, Cin Rani da Dokar 1941

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Da su harajin kuɗi ya zo, da shi kuma tilascin neman kuɗi. Hanyoyin mota da gidajen baƙi da gadoji duk da ƙarfin talakawa aka yi su, hakimi ya rarraba wa dagatai adadin da za su kawo, dagaci ya bi gida gida. Wanda dutse ya karya wa ƙafa a aikin hanya, gida ake mayar da shi. Ba shi da maigida na zahiri da zai kai ƙara, domin wanda ya turo shi sarkinsa ne, wanda ya ba da umurni kuwa Di'o ne.

Abin ya kai matuƙa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo ga Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubun dubatar talakawa daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza bisa tilas, abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna. Sanyin tsauni da ƙarancin abinci da cututtuka suka kashe da yawa daga cikinsu.

Ban da tilas na sarari akwai tilas na aljihu. Da an kawar da amfanin gona, samari da magidanta su ɗauki sanda da buta su tafi cin rani. Wani masanin ƙasa, Mansell Prothero, ya sa aka ƙidaya matafiya a mashigai da hanyoyin da ke fita Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, aka sami sama da mutum 250,000, mafi yawansu 'yan lardin. Wasu sun nufi gonakin koko na ƙasar Yarbawa da Gwalkwas, wasu Jos, wasu dako a tashoshi da kasuwanni. Ɗan cin rani baƙo ne inda ya je. Idan buhu ya gurɗe masa baya a Kumasi, mai masauki da 'yan garinsu ne za su yi masa karo-karon kuɗin mota, ya dawo Rabah ya kwanta.

A can Turai kuwa an riga an gane cewa inji ba ya bin ƙa'idar mai laifi. Jamus ta kafa inshorar haɗarin aiki a 1884 a zamanin Bismarck, Ingila ta yi tata dokar a 1897. Tunanin da ke ƙarƙashinsu mai sauƙi ne: kamar yadda mai masana'anta ke lissafa gyaran injin da ya lalace a cikin kuɗin aikinsa, haka zai lissafa hannun da injin ya cinye, ko da laifinsa ko babu. Wannan tunani ya iso Nijeriya a 1941, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar biyan diyya ga ma'aikata, a kan tsarin ta Ingila. A karon farko, rijiya ta daina zama maras lamuni, muddin mai haƙarta ɗan albashi ne da doka ta san da shi.

Sai dai mutumin Rima ya yi nisa da wannan inuwa. An ɗinka dokar ne daidai jikin ma'aikacin jirgin ƙasa da na tashar jiragen ruwa da na kamfani, masu suna a littafin tankifa. Su ne kuma ke da ƙungiyoyin da suka yi yajin aikin gama-gari na 1945, su ne jinin 'yan'uwansu 21 ya zuba a mahaƙar kwal ta Iva Valley a Inugu ranar 18 ga Nuwamba, 1949, abin da ya girgiza ƙasa duka. Ɗan cin rani ba shi da ƙungiya, ba shi da lamba. Dokar da Turanci take, a kotun Turawa ake neman abin da ta tanada. Kotun alƙali da ke kusa da shi ba a yarda lauya ya tsaya a cikinta ba, kuma ko da an yarda, ina lauyan? Ɗan Arewa na farko da ya zama lauya, Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori, sai a 1955 ya samu wannan matsayi, shekara 14 bayan kafa dokar.

Ƙasar Rima ta ba Arewa shugabanta mafi girma a wannan zamani. Ahmadu Bello haifaffen Rabah ne, ya zama hakiminta a 1934, ya zama Ministan Ayyuka na Jihar Arewa a 1952, sannan Firimiya a 1954. A zamaninsa aka kafa kamfanin siminti na Kalambaina a 1962, wanda ya fara aiki a 1967, ya samar wa lardin leburori masu albashi irin waɗanda dokar ta sani. A zamaninsa kuma aka kawo dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ta karɓe hukuncin jini da raunuka daga tsohon tsarin alƙalai. Ta haka tsohuwar hanyar da talaka ya sani ta ƙuntata, sabuwar kuma ba ta iso ƙofarsa ba.

Zamanin Madatsun Ruwa

Kuɗin man fetur da farin farkon shekarun 1970 su suka kawo manyan injuna kwarin Rima. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. Aka gina madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, aka gama a 1978, sannan ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka buɗe a 1992. Bangon ta Goronyo ya kai kilomita 12 da rabi a tsawo, an kuma tsara ta don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Manoman da ba su taɓa ganin katafila ba suka wayi gari suna aiki a gindinta, suna fasa dutse, suna ɗaure rodi, suna karɓar lada a ƙarshen mako. Bayan madatsun sai hanyoyi da magudanai da gine-ginen ƙananan hukumomi, mafi yawansu a hannun ƙananan 'yan kwangila masu ɗaukar lebura da baki, su sallame shi da baki.

A wannan zamani ne kalmar diyya ta sami wani ɗanɗano mai ɗaci a yankin. Manoman Bakolori da aka karɓe wa gonaki sun daɗe suna neman a biya su, har suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin da masu bincike suka ce sun fi haka nesa. Diyyar gona suke nema, ba ta rauni ba, amma darasin da talakan gulbi ya ɗauka guda ne: mai neman haƙƙi a hannun manya ya shirya wa abin da zai biyo baya. Duk wanda ke mamakin yadda kawu ya karɓi buhun shinkafa ya yi shiru a 1988, ya tuna shekara takwas kacal ke nan da Bakolori.

Dokar 1987 da ta maye gurbin ta Turawa ta fayyace kima kamar yadda fiƙihu ya yi, sai dai da watanni take awo, ba da raƙuma ba. Idan ma'aikaci ya mutu, iyalinsa za su karɓi albashin wata 42. Idan ya naƙasa gaba ɗaya, albashin wata 54. Gaɓoɓi kuma kowace da kasonta a cikin jadawali. Amma dokar tana da ramuka biyu da mutanenmu suka riƙa faɗawa. Na farko, ta fitar da mai aikin gona ko sana'ar hannu a wurin maigidan da leburorinsa ba su kai 10 ba, wanda kusan shi ne kowane ɗan ƙwadago a fadamun Wurno da Goronyo. Na biyu, daga aljihun mai aikin ko kamfanin inshorarsa kuɗin za su fito. Idan ya ƙi, sai kotu. Idan ya kwashe kayansa ya bar gari, ko ya ce ya karye, shi ke nan.

Lauyan Talaka

Tunanin cewa gwamnati ta ɗaukar wa matalauci lauya ya daɗe kafin ya zama doka. Wasu lauyoyi, a gabansu Chimezie Ikeazor, suka yi ta fafutuka a farkon shekarun 1970, har gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a da doka mai lamba 56 ta 1976. Da farko manyan laifuffuka kawai ta shafa, wato mutumin da ake tuhuma da abin da zai iya kai shi ga igiya ko dogon ɗauri. Daga baya aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da ƙarar neman diyyar haɗari. Sabuwar dokar hukumar ta 2011 ta ambaci neman diyyar ma'aikaci da sunansa a cikin abubuwan da lauyoyinta za su tsaya wa mutum kyauta, muddin abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba. Ta kuma amince da mataimakan lauyoyi da cibiyoyin ba da shawara na ɗaliban shari'a a jami'o'i.

A takarda, wannan shi ne ɗan jagoran da aka daɗe ana jira. A ƙasa kuwa, ofishin hukumar a babban birnin jiha yake, lauyoyinsa kaɗan ne, kuma gidajen yari cike suke da masu jiran shari'a waɗanda larurarsu ta fi gaggawa. Mai yankakken hannu a Rimawa sai ya fara sanin akwai ofishin, sannan ya sami kuɗin motar Sakkwato, sannan ya iya bayyana sunan wanda ya ɗauke shi aiki da inda za a same shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana kayar da mutane.

Dokar 2010 da Dawowar Aƙila

A Disambar 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar diyyar ma'aikata, wadda ta rushe ta 1987. Babban sauyin da ta kawo shi ne ta ɗauke nauyin biya daga wuyan maigida ɗaya ta ɗora a kan asusu na bai ɗaya, a ƙarƙashin hukumar NSITF. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma haramun ne ya cire wannan daga ladan ma'aikaci. Idan haɗari ya auku, asusun ne zai biya, ba tare da an tsaya neman mai laifi ba. Mai karatun fiƙihu zai ga tsohuwar fuska a nan. Jama'ar da rajista ɗaya ta haɗa suna raba nauyin jinin da ɗayansu ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba: ai wannan ita ce aƙilar diwani a cikin sabuwar riga.

Dokar ta toshe ramin da ya cinye mutanen fadama. Ma'aikaci a wurinta shi ne duk wanda aka ɗauka aiki, da takarda ko da baki, na dindindin ko na yini, har da ɗan koyo da yaron gida wanda ba dangin maigidan ba. Ta haɗa da haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida, da cutar da aikin ya jawo, da kurumtar da ƙarar inji ta haddasa. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya zai riƙa karɓar kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, haka ma matar mamaci mai 'ya'ya biyu ko fiye. Ta kuma ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi ta yafe wannan haƙƙi ba ta da ƙarfi a gaban doka. Da yau ne, buhun shinkafa ba zai rufe maganar kawu ba.

Amma dokar tana da agogo. Mai rauni ko iyalinsa su sanar da mai aikin cikin kwana 14. Mai aikin ya sanar da hukuma cikin kwana 7. A shigar da takardar neman diyya cikin shekara guda, sai in akwai uzuri na musamman, wanda shi ma bai wuce shekara uku. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba zai nemi ta sake dubawa cikin kwana 180, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran tsarin mulki da ya fara aiki a 2011 ya keɓe wa wannan kotu ita kaɗai shari'o'in ƙwadago. Ma'anar haka ita ce, ko da yake Jihar Sakkwato ta dawo da shari'ar Musulunci tun 2000, alƙalin da ke Goronyo ko Wurno, wanda talaka ya san ƙofarsa kuma yake jin harshensa, ba shi ke da hurumin wannan doka ba. Mai hurumin yana Sakkwato.

Kammalawa

Wanda ya zaga fadamun Rima a yau zai ga injunan ban ruwa a gonakin albasa da tafarnuwa, injunan casar shinkafa da na niƙa masu bel a buɗe, samari na feshin maganin ƙwari ba safar hannu ba takunkumi, 'yan dako na loda buhunan albasa a manyan motoci, masu haƙar rijiya na shiga rami da igiya ɗaya. Dokar 2010 ta san da su duka. Sai dai asusu da rajista yake aiki, mai injin niƙa da yara biyu kuwa bai taɓa jin sunan asusun ba, balle ya zuba. Gandun da ke ɗaukar mai rauni a da ya watse, kowa ta kansa yake yi. Rashin tsaro ya ƙara nisan hanya, domin tun harin da aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 da makamantansa a ƙasar Rabah, tafiya kanta ta zama abin shawara.

Akwai kuma shingen da ke cikin zuciya. Mutanenmu kan ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne ƙaddara ce. Amma malaman da suka karantar da mu imani da ƙaddara su ne suka zauna suka ƙidaya wa yatsa raƙuma 10 da haƙori raƙuma 5, ba su ga saɓani tsakanin biyun ba. Yafiya kyakkyawa ce idan mai haƙƙi ya san abin da yake yafewa. Wanda bai san yana bin bashi ba, ba a cewa ya yafe.

Tarihin nan ya nuna inda gyara yake. A zamanin Bello doka ta yi kusa da talaka amma ba ta rufe haɗarin da babu mai laifi ba. Daga 1941 zuwa yau ta yi ta faɗaɗa har ta rufe shi, amma tana ƙara nisa da harshensa da garinsa. Abin da ya rage shi ne a haɗa faɗin ta yau da kusancin ta jiya. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana yaye ɗalibai masu jin Hausa da Turanci da Larabci, dokar 2011 kuma ta buɗe musu ƙofa: teburi ɗaya a ranar kasuwar Wurno ko Goronyo zai amsa tambayoyin da ba a taɓa samun mai amsawa ba. A fassara dokar da Hausa, boko da ajami, a karanta ta a gidan rediyon Rima. Ƙungiyoyin masu injuna da na direbobi da na 'yan dako su yi wa mutanensu rajista a dunƙule. Malamin asibitin da ya ɗinke hannu ya rubuta rana da wurin da abin ya faru, domin wannan takardar ita ce shaidar farko. Liman kuma ya faɗa a huɗuba cewa biyan haƙƙin wanda ya ji rauni a aikinka ba alfarma ba ce.

Kawu ya tsufa, wa'adinsa na wata shida ya wuce tun ina goye. Amma jikansa yana aiki a wurin wani mai injin casa, kuma ranar da ya fara, kawu ya kira ni ya ce in rubuta wa yaron lissafin kwanakin nan a takarda, 14 da 7 da shekara guda. Na rubuta. Ya karɓa da yatsunsa biyu, ya ninke, ya sa wa yaron a aljihu.